Cinikin Biri a Sama: Darajar Digirin Farko na Kimiyyar Ƙwaƙwalwa a Ma'aunin Kuɗi

Gabatarwa

Akwai wata tambaya wadda kusan kowane ɗalibin jami'a yakan ci karo da ita in ya koma gida hutu, watau, "To, in ka gama, wane aiki za ka yi da wannan karatu?" Sau da yawa ɗalibi yakan ji haushin tambayar, yana ganin an rage wa ilmi daraja tun da aka ɗora shi a kan sikeli ɗaya da kuɗi. Amma uban da ya sayar da amfanin gonarsa, ko ya ci bashi domin ya biya kuɗin makaranta, yana da haƙƙin ya yi tambayar, kuma ya cancanci a ba shi amsa ta gaskiya. Wannan maƙala za ta ɗauki fanni guda daga cikin fannonin da suka yi tashe a jami'o'in Amurka da Ingila, watau kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta auna digirinsa na farko da ma'aunin kuɗi. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa wannan digiri, in an tsaya a kansa shi kaɗai, ribarsa kaɗan ce in aka kwatanta da tsadarsa da kwarjinin sunansa, kuma duk wanda ya shige shi ba tare da sanin inda zai dosa daga baya ba, cinikin biri ya yi a sama.

Mene Ne Fannin?

Kimiyyar ƙwaƙwalwa ita ce nazarin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da ke kai saƙo tsakaninsu da sauran gaɓoɓin jiki. A lura, jijiyoyin saƙo ake nufi, domin a Hausa kalmar jijiya ta haɗa har da hanyoyin jini. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke amfani da shi. Da ita ake magana, da ita ake tuna baya, kuma in ta sami matsala sai a ga farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ruɗewar tsufa.

Binciken kansa ya daɗe. Tun a 1906 aka ba Camillo Golgi na Italiya da Santiago Ramon y Cajal na Sifen lambar yabo ta Nobel saboda aikinsu a kan ƙirar jijiyoyi. Amma mayar da shi fanni mai cin gashin kansa a jami'a sabon abu ne. A 1966 Jami'ar Harvard ta buɗe sashe na musamman domin nazarin jijiyoyi, a 1969 aka kafa babbar ƙungiyar masana fannin a Amurka, sa'an nan a 1973 Kwalejin Amherst ta zama ta farko a ƙasar da ta fara ba da digirin farko a kansa. Daga baya gwamnati ta ƙara masa kwarjini. Shugaba George Bush babba ya ayyana shekarun 1990 a matsayin shekaru goma na ƙwaƙwalwa, Shugaba Barack Obama kuma ya ƙaddamar da wani gagarumin shirin binciken ƙwaƙwalwa a 2013. Ganin haka jami'o'i da yawa suka buɗe kwas ɗin, ɗalibai suka yi ta tururuwa, domin sunan yana da daɗin faɗi kuma yana sa a yi wa mutum kallon haziƙi.

Abin Da Ake Kashewa

Kafin a san riba sai an san uwar kuɗi. A Ingila, ɗan ƙasa ya riƙa biyan fam 9,250 a shekara daga 2017, aka ƙara zuwa fam 9,535 a 2025, kuma digirin yakan ɗauki shekara uku. Baƙo kuwa, musamman a fannonin da ke bukatar ɗakin gwaje-gwaje, yakan biya ninki biyu ko uku na wannan, wani lokaci fiye. A Amurka digirin shekara huɗu ne, kuma a manyan jami'o'i masu zaman kansu kuɗin karatu da masauki da abinci sun haura dala 80,000 a shekara a 2024. Gaskiya ne jami'o'in jihohi sun fi sauƙi, kuma ɗalibai da yawa suna samun rangwame, amma duk da haka bashin karatu da gwamnatin tarayyar Amurka take bin 'yan ƙasarta ya wuce dala tiriliyan 1.6 a 2024, a wuyan mutane fiye da miliyan 40.

Ban da kuɗin da ake ƙirgawa a miƙa, akwai wani kuɗi wanda ba a gani, shi ne albashin da mutum zai samu da a ce aiki ya kama a waɗannan shekaru, ko kuma ribar da zai ci da a ce wani fanni ya karanta. Wanda ya zaɓi kimiyyar ƙwaƙwalwa yawanci ɗalibi ne mai ƙoƙari a lissafi da ilmin sinadarai, wanda zai iya samun shiga aikin injiniya ko kimiyyar kwamfuta ko haɗa magunguna. Saboda haka in za a yi masa adalci, da irin waɗannan abokan karatu nasa ya kamata a gwada shi, tun da su ne suka tashi daga wuri ɗaya.

Abin Da Ake Samu

A nan ne gizo yake saƙa. Digirori iri biyu ne a idon kasuwa. Akwai wanda yake zuwa da lasisi, kamar na likita da na ma'aikacin jinya da na mai haɗa magunguna, inda doka ta hana kowa yin aikin sai mai takardar. Akwai kuma wanda yake shaida kawai cewa mutum ya sami ilmi, ba tare da ya keɓe masa wata sana'a ba. Digirin farko na kimiyyar ƙwaƙwalwa yana cikin kashi na biyu. Mai shi ba zai duba maras lafiya ba, ba zai rubuta magani ba, ba zai fassara hoton ƙwaƙwalwa a asibiti ba. Ko aikin sarrafa na'urar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ma, a wurare da yawa yana da nasa horo da takardar shaida dabam.

To, me ya rage masa? Ayyukan da aka fi samu su ne taimaka wa masu bincike a ɗakin gwaje-gwaje, da kula da takardun gwajin sababbin magunguna, da tallan magunguna ga asibitoci, da koyarwa a makarantar sakandare. Duk ayyuka ne na mutunci, sai dai babu ɗaya daga cikinsu da aka keɓe wa wannan digiri. Wanda ya karanta ilmin halittu ko ilmin sinadarai ko ilmin halayyar ɗan Adam shi ma zai nema, kuma albashinsu na farko matsakaici ne. Alƙaluman da reshen Babban Bankin Amurka na birnin New York yake fitarwa a kai a kai sun daɗe suna nuna abu guda: waɗanda suka karanta fannonin ilmin halittu suna fara aiki da albashin da bai kai na injiniyoyi da masu kimiyyar kwamfuta ba, kuma mafi yawansu sukan koma makaranta neman babban digiri. Komawar nan ita kanta shaida ce. Da digirin farko ya wadatar, da ba a ga yawancin masu shi sun sake ɗaukar allo ba.

Hanyoyin da suka fi riba guda biyu ne, kuma kowace doguwa ce. Ta farko ita ce likitanci. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko yake shiga makarantar likitanci ta shekara huɗu, sa'an nan ya yi horon ƙwarewa na shekara huɗu in likitan jijiyoyi zai zama, ko shekara bakwai in tiyatar ƙwaƙwalwa zai yi. Jimla shekara 12 ko 15 ke nan. Albashin da ke ƙarshen wannan hanya mai tsoka ne ƙwarai, amma takardar likitanci ce ta jawo shi. Makarantun likitanci na Amurka ba su shar'anta wani fanni guda ba. Wanda ya karanta tarihi, muddin ya ɗauki darussan kimiyya da ake bukata ya kuma ci jarrabawar shiga, ƙofa a buɗe take gare shi. Ashe ke nan ba daidai ba ne a ɗauki albashin likitan ƙwaƙwalwa a rubuta shi a littafin ribar digirin farko.

Hanya ta biyu ita ce bincike. Digirin digirgir a Amurka yakan ci shekara biyar ko shida. Alherinsa shi ne yawanci ba a biyan kuɗin karatu, har ma ana ba ɗalibi alawus, amma alawus ne na rufin asiri. A 2024 hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta ƙayyade dala 28,224 a shekara ga ɗalibin digirgir da take ɗaukar nauyinsa, da dala 61,008 ga wanda ya gama digirgir yana shekararsa ta farko ta ƙarin horo. Wannan mutum ya kusa shekara talatin da haihuwa ko ya wuce, ya shafe shekara goma a jami'a, alhali abokinsa injiniya ya daɗe da fara tara abin kansa. Bayan haka ma kujerun farfesa ba su kai yawan masu nemansu ba, saboda haka da yawa sukan bar jami'a su koma kamfanoni.

Hujjojin Masu Ganin Akwai Riba

Masu kare wannan digiri suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Hujja ta farko ita ce kuɗin da ke yawo a kasuwar magungunan ƙwaƙwalwa. Lalle akwai kuɗi. A Disamba 2023 kamfanin Bristol Myers Squibb ya ba da sanarwar sayen kamfanin Karuna a kan dala biliyan 14, kamfanin AbbVie kuma ya sanar da sayen Cerevel a kan kimanin dala biliyan 8.7, dukansu saboda magungunan cututtukan ƙwaƙwalwa. Amma mai karatu ya tuna cewa a Janairu 2018 kamfanin Pfizer ya rufe sashensa na neman magungunan ruɗewar tsufa da ciwon makyarkyata, ya sallami ma'aikata kusan 300. Wani abin mamaki shi ne daga cikin ayyukan da Pfizer ya ajiye ne aka gina Cerevel. Kasuwa ce mai hawa da sauka, domin gwajin magungunan ƙwaƙwalwa ya shahara da faɗuwa bayan an kashe dukiya mai yawa. In ta yi kyau masu hannun jari da manyan masana ne suke kwasar kaso mai tsoka, in ta ɓaci kuwa ƙananan ma'aikata ne suke fara jin jiki.

Hujja ta biyu ita ce dangantakar fannin da ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta. Akan kawo misalin Demis Hassabis, wanda ya yi digirin digirgir a kimiyyar ƙwaƙwalwa a Landan, ya kafa kamfanin DeepMind da abokansa a 2010, Google ya saye shi a 2014, kuma ya sami lambar Nobel a 2024. Misalin gaskiya ne, amma an manta da rabinsa. Digirin farko na Hassabis a kimiyyar kwamfuta ya yi shi a Jami'ar Kambirij, kuma ya yi shekaru yana ƙera wasannin kwamfuta kafin ya waiwayi ƙwaƙwalwa. Darasin da ke cikin tarihinsa shi ne cewa sanin ƙwaƙwalwa yakan yi tsada in ya haɗu da wata sana'a ta hannu. Ɗalibin da ya fito da ƙwarewa a lissafin ƙididdiga da rubuta manhajar kwamfuta zai sami aiki mai kyau, amma mai ɗaukar aiki wannan ƙwarewa yake saye. Wanda ya fito da haddar sunayen sassan ƙwaƙwalwa kaɗai zai tarar kasuwa ba ta tambayar su.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, ita ce cewa ilmi ba haja ba ne, kuma ba kowane alheri ake ƙirgawa da kuɗi ba. Babu mai hankalin da zai musa wannan. Amma wanda ya shiga fanni domin sha'awa, yana sane da abin da zai samu da wanda zai rasa, ya yi zaɓi na mutum mai 'yanci. Wanda aka nuna wa albashin likitan tiyata aka karɓi kuɗinsa kuwa, ruɗinsa aka yi. Wata cibiyar nazarin harkokin kuɗi ta Ingila ta fitar da rahoto a 2020 wanda ya nuna cewa yawancin masu digiri suna cin riba a tsawon rayuwarsu, amma kimanin ɗaya cikin biyar da bai je jami'a ba da ya fi samun kuɗi, kuma bambancin ya dogara ƙwarai a kan fannin da aka karanta, inda likitanci da ilmin tattalin arziki suke kan gaba. Irin wannan bayani haƙƙin ɗalibi ne tun kafin ya cika takardar neman shiga.

Ɗalibin Nijeriya Fa?

Maganar ta shafi Nijeriya ta fuska biyu. Ta farko, iyalai masu hali suna tura 'ya'yansu waje, kuma wannan fanni yana cikin waɗanda ke jan hankali. A yi lissafi mai sauƙi. Dala 80,000 sau huɗu dala 320,000 ke nan. Bayan an saki darajar naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. A kan naira 1,500, kuɗin ya kama naira miliyan 480. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata. In yaron ya dawo gida da digirin farko kaɗai, babu lasisin duba marasa lafiya, babu kamfanonin binciken magunguna masu yawa da za su ɗauke shi, wane aiki ne zai mayar da ko da kashi ɗaya cikin goma na abin da aka kashe? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Fuska ta biyu ita ce ta waɗanda suke gida. A jami'o'in Nijeriya an fi shiga nazarin ƙwaƙwalwa ta ƙofar ilmin ƙirar jikin mutum, ko ilmin aikin gaɓoɓi, ko ilmin magunguna. Ɗalibai da yawa sun sami kansu a waɗannan sassa ne bayan sun nemi likitanci ba su samu ba, kuma in sun gama sukan tarar da irin matsalar takwarorinsu na waje: ilmi mai zurfi, amma babu lasisin aikin asibiti. Duk da haka suna da wata fa'ida babba, ita ce kuɗin da suka kashe kaɗan ne, kuma digirin nasu yana isa a nemi gurbin babban digiri da tallafi. Dokta Mahmoud Bukar Maina misali ne a fili. Ilmin ƙirar jikin mutum ya karanta a Jami'ar Maiduguri, ya wuce Jami'ar Sussex ta Ingila ya yi manyan digirorinsa a kimiyyar ƙwaƙwalwa, sa'an nan ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horo a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021. Wannan tsari, watau a aza tubali a gida da araha sa'an nan a nemi ƙwarewa a inda ake biyan ɗalibi, ya fi dacewa da aljihun talaka nesa ba kusa ba.

Wa Ya Kamata Ya Biya?

Kada a fahimci abin da ya gabata a matsayin cewa fannin ba shi da amfani. Wani babban nazari da aka buga a 2024 ya nuna cewa a 2021 mutane fiye da biliyan 3 a duniya suna fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne suke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano ciwon an ba su magani yadda ya kamata. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga waɗannan masifu. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya, akasari a arewa, ta bar wasu da kurumta da raunin ƙwaƙwalwa. Gubar dalma ta 2010 a Zamfara ta hallaka yara wajen 400, kuma dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yaro. Har yau akwai gidajen da ake ɓoye mai farfaɗiya, ana gudun yawunsa, alhali ciwon ba ya yaɗuwa.

Amfanin bincike a kan irin waɗannan abubuwa jama'a ne suke ci. Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi fice a ƙarshen shekarun 1960 da bincikensa a kan wata cutar jijiyoyi da ke hana tafiya daidai a kudu maso yammacin Nijeriya, inda ya danganta ta da gubar rogon da ba a sarrafa shi sosai ba. Waɗanda suka amfana da wannan sani manoma ne da masu cin gari, waɗanda ba su san sunansa ba, kuma ba su biya shi ko kwabo ba. Haka ilmin bincike yake: ribarsa ta watsu cikin al'umma, mai shi kuwa ɗan kaɗan yake samu. In haka ne, adalci shi ne al'umma ta ɗauki nauyin horar da masu binciken ta hanyar gwamnati da asusun tallafa wa manyan makarantu da masu hannu da shuni, maimakon a bar wa iyali guda su sayar da gida. Ba da rancen karatu, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2024, yana taimakon wanda zai kama aiki da wuri ya biya. Wanda zai shafe shekara goma yana karatu kuwa tallafi yake bukata, tare da ɗakin gwaji mai wutar lantarki da albashin da zai hana shi ƙaura.

Kammalawa

Abin da aka tattauna ya nuna cewa darajar digirin farko na kimiyyar ƙwaƙwalwa a kuɗi ta rataya ne a kan abin da aka ɗora masa. In an bi shi da likitanci ko digirgir ko ƙwarewar kwamfuta, yakan kai mutum ga wadata bayan doguwar tafiya. In an tsaya a kansa, albashinsa bai bambanta da na sauran fannonin ilmin halittu ba, tsadarsa kuwa a ƙasashen waje ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Saboda haka ya kamata ɗalibin da ke sha'awar fannin ya amsa tambayoyi uku tun kafin ya sa ƙafa: wane mataki zai taka bayan digirin, wa zai biya kuɗin wannan mataki, kuma wace sana'a zai riƙe in matakin bai samu ba. Su kuma jami'o'i, na waje da na gida, wajibi ne su riƙa bayyana inda ɗalibansu na baya suka ƙare da abin da suke samu, domin mai saye ya ga biri a ƙasa kafin ya taya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tafiyar shekara goma ta fi kowace bukatar shiri.